Ginin Ƙasa a Masallaci da Makarantar Islamiyya: Tambayoyin 'Yan Uwa Mazauna Legas

Tambayoyin nan a hankali na tara su, wasu a ƙofar masallacinmu na Agege bayan isha'i, wasu ta waya daga 'yan uwa da ke Mile 12, Idi-Araba da Alaba Rago. Mahaifina magini ne, da tubali ya ciyar da mu, ni kuma neman abinci ya kawo ni Legas har aka sa ni cikin kwamitin masallaci. Masu tambayar kashi biyu ne. Akwai masu son ɗora aji ko ƙaramin masallaci a nan, akwai kuma masu haɗa kuɗi a tura gida don gyaran masallacin ƙauye ko zauren makarantar allo. Na biyun sun fi yawa, kuma ta hannunsu aka fi yin ɓarna, alhali alheri suka nufa.

Wai ginin ƙasa zai tsaya a Legas da irin wannan ruwan sama?

Zai tsaya, amma ba irin na Kano da Katsina sak ba. Soro mai rufin ƙasa da zankwaye da indararo an tsara shi ne don ƙasar da ruwa ke sauka wata huɗu ko biyar ya ɗauke, rana ta gasa bango har wata daminar. Ruwan da Kano ke samu a shekara yawanci bai cika milimita 1,000 ba. Legas kuwa tana haura 1,500, kuma ruwan yana kankama tun Afrilu, ya ɗan lafa a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. Ko ranar da ba a yi ruwa ba iskar a jiƙe take. Duk wanda ya taɓa shanya babbar riga a watan Yuni ya san haka.

To amma Yarabawa sun yi ginin ƙasa tun kaka da kakanni a cikin wannan lemar. Ka leƙa tsofaffin unguwannin Ikorodu ko Abeokuta ko Ibadan, za ka ga jan bango na tsaye a ƙarƙashin kwano mai tsatsa. Su ba tubali suke yi ba, curin laka suke ɗorawa sahu-sahu, in sahu ya sha iska a ƙara wani. Abin da ya tsare musu ginin shi ne rufi mai faɗin baki wanda ke jefa ruwa nesa da bango. Mu ma abin da za mu ɗauka ke nan: a ɗaga ƙafar ginin da dutse ko kankare ya kai rabin mita ko fiye daga ƙasa, a shimfiɗa abin tare danshi kafin a fara jera bulo, sannan bakin kwano ya leƙo waje kusan mita guda. Idan da baranda ta zagaye ginin, ya fi kyau.

A ko'ina cikin Legas?

A'a. Agege, Ikeja da tudun Ikorodu suna kan jar ƙasa mai tauri, nan babu matsala. Lekki, Ajah, Ijora da makamantansu yashi ne da fadama da wuraren da aka cike, ruwa na nan kusa da fuskar ƙasa. Su kuma 'yan uwa na wajen Mile 12 da Owode sun san abin da kogin Ogun ke yi in aka saki ruwan madatsar Oyan. Duk filin da ruwa ke kwana a cikinsa, ko sau ɗaya ne a shekara, ban ba da shawarar bangon ƙasa ba. Bangon ƙasa yana jure dukan ruwa daga sama in an rufe shi, amma ba ya jure tsayuwa cikin ruwa.

Wane iri ya dace da nan: tubali ko bulon jar ƙasa?

Tubali shi ne na iyayenmu. A haƙo birji, wato jar ƙasa mai tsakuwa, a jiƙa, a zuba ciyawa, a tattake, a bar shi kwanaki yana tsumuwa, a sake tattakewa, sannan a mulmula da hannu, gindi da faɗi kai a tsuke, a shanya a rana. Magini na zaune bisa bango kamar mahayin doki, yara na cilla masa yana cafewa yana dasawa cikin kwaɓi. Bango ya yi kauri a gindi, yana sirancewa in an yi sama. Aiki ne mai kyau, amma yana son rana mai zafi da iska busasshiya. A Legas sai dai tsakanin Disamba da Fabrairu, kuma ko a lokacin bushewar ba ta kai ta Arewa.

Abin da na fi ba mutane shawara a nan shi ne bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji. A tankaɗe ƙasar, a haɗa ta da siminti kaɗan, kamar kashi 5 zuwa 8 cikin 100, a yayyafa ruwa daidai yadda in ka dunƙula za ta kama ba tare da ta jiƙa hannu ba, a matse. Wurin da aka fi kuskure shi ne bayan nan. Wannan bulon ba a baje shi a rana nan take kamar tubali. Ana jera shi a inuwa, a lulluɓe da leda, ana ba shi ruwa, kuma sai ya yi mako huɗu kafin ya hau bango. Wanda ya yi gaggawa ya yi asarar simintinsa. Akwai irin wanda ke sarƙe juna ba sai da kwaɓi mai yawa ba. Cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta ƙasa, NBRRI, wadda ke da ɗakunan gwaji a Ota, ta daɗe tana aiki a kan injinan irinsa, kuma daga Agege zuwa Ota ba wata tafiya ba ce.

Ta yaya za mu gane ƙasar da tifa ta juye mana ta dace?

Farko dai a tabbatar ba ƙasar sama ba ce, wato baƙar ƙasar noma mai saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye. Wannan ta shuka ce. Ta gini tana ƙarƙashinta.

Mahaifina ba ya karɓar ƙasa sai ya tsuguna. Ya ɗebi tafi guda ya tofa ruwa, ya murza tsakanin yatsu kusa da kunnensa yana sauraron ƙarar yashi, ya shinshina. In ya ji warin ruɓa sai ya watsar ya ce, "Wannan ta masu gona ce, ku mayar musu." In ta yi masa, sai ya mulmula ta ta yi tsawo kamar rogo, ya riƙa turo ta daga gefen tafinsa har ta karye. Wadda ta gutsure nan da nan yashi ya yi mata yawa, ba za ta riƙe ba. Wadda ta yi ta lilo ba ta karye ba yumɓu ya yi mata yawa, in ta bushe za ta tsattsage, sai an ƙara mata yashi.

Wanda hannunsa bai saba ba ya sami kwalba mai haske, ya zuba ƙasa zuwa rabi, ya cika da ruwa, ya girgiza sosai ya ajiye ta kwana. Tsakuwa da yashi za su kwanta a ƙasa, laushin ya biyo, yumɓu a sama. Ana son yashi da tsakuwa su fi yawa, yumɓu ya zama kamar kashi ɗaya cikin biyar. Bayan haka a buga bulo goma na gwaji, in sun nuna a jefa biyu cikin bokitin ruwa su kwana. Wanda ya wayi gari da kusurwoyinsa shi ne naku. Yashin bakin teku kuma a guje shi, gishirinsa na cin bango.

Malam, masallacin ƙasa ba ƙasƙanci ba ne ga ɗakin Allah, alhali muna da halin yin na siminti?

Wannan tambayar ta fi kowace taɓa ni. Masallacin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a Madina da tubalin laka aka gina shi, ginshiƙansa kututturen dabino, rufinsa ganyen dabino. Ya tabbata a hadisi cewa an yi ruwa rufin ya yi yoyo har aka ga alamar ruwa da laka a goshinsa mai albarka bayan sallar asuba. Alkawarin gida a Aljanna ga wanda ya gina masallaci domin Allah bai zo da sharaɗin kayan gini ba.

Mu duba namu kuma. Hasumiyar Gobarau a Katsina, wadda tarihin gari ke danganta ta da zamanin Muhammadu Korau, ta haura shekara ɗari biyar, kuma wurin karatu ne kafin ya zama wurin ziyara. Hasumiyar masallacin Agadas mita 27 ce, an fara ta a 1515 aka sake ɗora ta a 1844, duk da laka. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina zamanin Sarki Abdulkarim, cikin shekarun 1830, har yau masu nazarin gini daga ƙasashe suna karanta bakan gizonsa, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke ɗauke da rufinsa, an ma yi kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, ginin ƙasa ce. A Nijar, cikin jihar Tawa, wani magini manomi, Falke Barmu, ya fara masallacin ƙauyen Yama a 1962, kuma a 1986 ginin ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine.

Ban ce siminti laifi ba ne. Masallacin Shitta-Bey na nan Legas na 1894 da babban masallacin Legas da aka buɗe a 1988 abin alfaharin Musulmi ne. Abin da nake ƙi shi ne mu riƙa jin kunyar abin da iyayenmu suka ƙware a kai, har mu rushe shi da kuɗinmu.

Ana cewa ana zuba kashin dabbobi a kwaɓi. Ya halatta a masallaci?

Wasu magina suna zubawa don ya ƙara wa laka danƙo. A mazhabar Malikiyya kashin dabbar da ake cin namanta, kamar saniya da tunkiya, mai tsarki ne muddin ba ƙazanta take ci ba. Na doki da jaki kuwa najasa ne a mashhurin zance. Saboda haka a gaya wa magini tun farko kada ya kawo sharar barga. Yankakkiyar ciyawa, ƙaiƙayi ko buntun shinkafa sun wadatar. A kuma duba inda aka haƙo ƙasar, kada ta kasance ta juji ko kusa da masai. Abin da ya shige duhu a kai wa liman kafin a kwaɓa.

Masallacin garinmu ya tsufa. Mun haɗa kuɗi a nan, mu rushe mu yi na bulo ko mu gyara?

Kada a yanke wannan hukunci a Legas ta waya. Mu kanmu mun taɓa yi. Shekarun baya 'yan garinmu da ke nan muka yi karo-karo, masu sayar da goro, masu canji, masu acaba, kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa. Aka aiko mana da hoton bango ya zaizaye, muka ce a yi masa filastar siminti a shafa fenti kafin azumi. Aka yi, aka turo hoto, muka yi ta hamdala. Ba a yi damina huɗu ba filastar gabas ta ɓantaro gaba ɗaya kamar ɓawon rogo. Da na je gida na sa hannu a bayanta, ƙasar ta zama gari, tana zuba tsakanin yatsuna, ga hanyoyin gara har sama.

Na je na ɗauko wani dattijo da suka yi aiki da mahaifina. Ya zagaya masallacin yana ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa. Inda ya yi ƙara dim sai ya wuce, inda ya yi ƙwal-ƙwal sai ya ja layi da gawayi. Na ce, "Baba, rushewa za a yi?" Ya ce, "Ɗan nan, bangon kakanka lafiyarsa lau. Kun toshe masa hanci ne." Indararo biyu ne suka karye tun farko, ruwa ya riƙa bin bango. Gyaran da ake bukata a lokacin bai kai rabin abin da muka kashe ba.

To ga yadda nake ganin a bi. A tura amintacce guda, ya je da tsohon magini, in da hali da injiniya. A fara daga sama: rufi, rawani, wato 'yar katangar da ta zagaye bakin rufi, da indararo. A sauko gindin bango a ga ko ruwa na taruwa, ko an cike titi ya fi daɓen masallaci tudu. A duba bakin azara inda ta shige bango. Idan bango bai karkata ba, azara ba ta ruɓe ba, gyara ya fi. Idan kuma matsalar ita ce jama'a sun yi yawa, ai ana iya faɗaɗawa ta gefe ko a yi sabo kusa. A Dandaji ta Nijar haka aka yi a 2018: aka gina sabon masallaci da bulon ƙasa na inji, tsohon kuma aka gyara shi ya zama ɗakin karatu. Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili ne suka tsara aikin, tare da maginan yankin. Tsohon masallaci na iya zama makarantar allo ko ajin matan aure, bayan an ji ta bakin malamai kan hukuncin waƙafinsa.

Me ya sa siminti ke cutar da bangon ƙasa haka?

Bangon ƙasa yana shan danshi yana fitarwa. Siminti kuwa ya fi shi tauri, kuma ba sa miƙewa da takurewa tare in rana ta yi zafi dare ya yi sanyi. Sai filastar ta yi 'yan tsage siriri kamar gashi. Ruwa ya shiga ta nan, ya rasa hanyar fita, ya zauna yana narkar da ƙasar a ɓoye. Daga waje fenti na ƙyalli, ciki kuwa rami ne. Fentin mai ma haka yake yi.

Ba mu kaɗai muka faɗa wannan ramin ba. Masallacin Larabanga a Gana an lulluɓe shi da siminti a shekarun 1970, ya lalace, sai da aka kankare aka koma laka. Na Mopti a Mali ma da aka gyara tsakanin 2004 da 2006, cire simintin na cikin manyan aikin.

Abin da ya dace shi ne yaɓen laka mai ciyawa, a bi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Inda ake da masu sani, a yi laso a rufi da rawani: shafe ne mai hana ruwa shiga, na katsin karofi da gashin jima da dafara. Farar ƙasa ma tana bari bango ya yi numfashi. Ga bulon jar ƙasa na inji kuwa, in rufi ya rufe shi da kyau, ana iya barinsa tsirara, launinsa kaɗai ado ne.

To abin da ya faru a Zariya fa? Bai nuna haɗari ba?

A watan Agusta na 2023 wani sashe na masallacin Juma'a na Zariya ya rufta ana cikin sallar la'asar, aka rasa rayuka. Allah ya jiƙansu, ya karɓi shahadarsu. Ba abin da za a ce ya rage zafin wannan rana, kuma duk mai son ginin ƙasa dole ya tsaya ya yi tunani a kanta. Rufin ƙasa nauyi gare shi, in ya sha ruwan marka nauyin ya ƙaru, ita kuma azarar da ke ɗauke da shi a ɓoye take.

Gini yakan yi magana kafin ya faɗi. Tsagar da ke ƙara buɗewa, ƙasa na zubowa daga rufi a kan tabarma, tabon danshi a saman baka, ƙofar da ta fara cijewa, rufin da ya yi ciki, ƙarar ƙas-ƙas da dare. Idan aka ga tsaga, a shafa 'yar laka a kanta a rubuta kwanan wata. In ta sake darewa, bangon na motsi. Ranar da aka ga ɗaya daga cikin manyan alamun nan, a fitar da jama'a su yi salla a fili, a fitar da yara daga aji, ko da ranar Juma'a ce, ko da wani babba zai ji haushi. Mu da ke Legas mun sha ganin benayen kankare sun rufta da mutane. Sakaci ba ya zaɓen kayan gini.

Za mu iya ɗora kwano a kan tsohon soro?

Ana yi, kuma yakan ceci gini in babu mai hawa ya gyara rufin duk shekara. Sharaɗin shi ne a bar sarari tsakanin kwanon da rufin ƙasa iska ta riƙa ratsawa, a ɗaure katakon sosai don guguwar farkon damina, kuma bakin kwanon ya zubar da ruwa nesa da gindin bango. A bar ƙofar da mutum zai leƙa ciki, domin yoyon da ba a gani ya fi muni. Idan azara za a sauya, a nemi ta giginya da ta ƙosa, ita ce gara ba ta cika ci ba. Kada a karɓi katakon kasuwa a madadinta a binne cikin laka.

Wurin alwala fa?

A raba shi da bangon ƙasa kwata-kwata. Shi da bayi a yi su da bulon siminti, a ba su tazara, a yi musu lambatu mai gangara. Kada a binne bututun famfo a cikin bango. Yawancin masallatan da na ga gindinsu ya cinye, ba ruwan sama ne ya ci su ba, ruwan buta ne, sau biyar a yini, shekara da shekaru.

Muna son azuzuwa uku na Islamiyya. Gaskiya ne ginin ƙasa ya fi sanyi?

A Arewa gaskiya ne ƙwarai. Kaurin bango na tare zafin rana, sai dare ya sake shi lokacin da gari ya yi sanyi. A Legas dare ba ya yin sanyi sosai, gumi ne ke damunmu, don haka kauri kaɗai ba zai wadatar ba. Iska ake nema. A yi tagogi manya a bango biyu masu fuskantar juna, a ɗaga rufi, a bar ƙofofin iska a can sama don zafi ya fice. Duk da haka ajin jar ƙasa ya fi na siririn bulo mai rami daɗin zama da azahar, kuma yana rage amsa-kuwwa. Wanda ya taɓa tsayawa tsakanin aji uku suna hadda lokaci guda ya san darajar wannan.

Akwai makarantar da ya kamata kwamiti su nemi hotonta su kalla, ta ƙauyen Gando a Burkina Faso, wadda Francis Kéré ya gina a 2001 da bulon ƙasa da hannun mutanen garinsu. Ya ɗaga kwano sama da silin, ya bar iska na wucewa tsakaninsu, bakin rufin ya yi wa bango lema. A 2022 ya karɓi kyautar Pritzker, wadda ake ɗauka mafi girma a fagen zanen gini.

Ƙasan bangon aji, daidai inda yara ke jingina da goga allo, a ƙarfafa shi. Maganar bene kuwa, fili na da tsada a Legas, na sani, amma kada a hau sama sai da zanen injiniya, ginshiƙai da daɓen bene na kankare su ɗauki nauyi, bulon ƙasa ya cike tsakani.

Ya fi arha?

A ƙauye, inda ƙasa ke bayan gari kuma matasa za su fito aikin gayya, ya fi arha nesa ba kusa ba. A Legas lissafin daban ne. Ƙasar saye za a yi, kuɗin tifa ya danganta da nisa, ga hayar inji, ga ladan wanda ya iya. Inda ake samun sauƙi shi ne siminti kaɗan ake ci, kuma ba sai an yi filasta da fenti ba. A nemi farashin hanyoyin biyu a rubuce, na bango gamamme, kada a kwatanta bulo da bulo kawai. A kuma ware wani abu na gyara duk shekara tun ranar da aka buɗe asusu.

Game da inda kuɗin zai fito kuwa, mafi yawan malamai ba su ga a gina masallaci da zakka ba. Sadaka da waƙafi ne hanyarsa.

Sai mun nemi izinin gwamnati ko da ƙaramin masallaci ne?

Ƙwarai kuwa. A Legas hukumar LASPPPA ce ke ba da izinin gini, LASBCA kuma ke bin aiki tana dubawa, tana da ikon rufewa ko rushewa. Masallaci da makaranta wuraren taruwar jama'a ne, an fi sa musu ido. A sami mai zane da injiniya masu rajista, a rubuta a zanen cewa bulon jar ƙasa za a yi amfani da shi, a kai samfuri ɗakin gwajin kayan gini na jiha a riƙe takardar sakamako. Kafin duk wannan a gyara takardun fili. Wanda ya ba da filin waƙafi ya rubuta da shaidu tun yana raye, da sunan amintattun jama'a, don kada a wayi gari magada ko masu cewa ƙasar kakanninsu ce su zo da wata magana.

Ina za mu sami maginan, kuma yaushe ya kamata a fara?

Don aikin gida, a tambaya ta wajen Sarkin Magina a Kano, Zariya, Katsina ko Daura, ko dattawan unguwar magina. Suna nan, sai dai sun manyanta, 'ya'yansu da yawa sun koma birkila ko sun taho nan Legas. In kun ɗauki dattijo, ku haɗa shi da samari biyu ko uku na garin, ku biya su ladan koyo daga cikin kuɗin aikin. A Jenne ta Mali, masallacin da aka gina a 1907 duk shekara gari ke fitowa a yaɓe shi a rana guda, maza na ɗaukar laka, mata na kawo ruwa, yara na tattakawa, shi ya sa har yau ba su rasa magina ba. Don aikin nan Legas kuwa, a nemi wanda ya taɓa yin bulon inji, a je a ga ginin da ya yi wanda ya ci damina uku ko fiye, a tambayi masu zama a ciki.

Lokaci kuma, a Arewa a fara tubali bayan kaka, a gama rufi kafin zafin bazara ya kawo hadari, duban indararo da toshe tsaga kuwa a yi su a watan Afrilu. A Legas a buga bulo a Nuwamba, a jera a Disamba da Janairu, kwano ya hau kafin ƙarshen Fabrairu. Masu tura kuɗi gida su daina jiran azumi ya ƙarato sannan a tashi gyara a gurguje. Kuɗin ya isa hannun magini tun an sare dawa.